Me ya sa marubutanmu ba sa barin labarin soyayya ya ƙare da dariya?

Maman Ilham, Tudun Wadan Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani littafi da ake ta yawo da shi a WhatsApp tun bayan ƙaramar sallah, kashi uku ne, na farko kyauta, sauran biyun sai an biya. Ba zan kama sunansa ba, don dokar zauren nan ta hana talla, kuma abin da zan faɗa a ƙarshe ba zai yi wa marubuciyar daɗi ba. Wanda ya karanta da ya ji labarin zai gane. Wanda kuma bai karanta ba yana da niyya, to ya tsaya nan, don zan fasa ƙwai.

Labarin taubasai ne. Shi malamin lissafi ne a makarantar sakandare, ita 'yar kawunsa ce, ta gama karatu tana gida tana sana'ar cincin da dubulan. Kakarsu ta yi rantsuwa sai ta haɗa su kafin ta bar duniya. Shi ya ce gara ya tsufa tuzuru, ita ta ce ko shi kaɗai ya rage namiji a duniya ta haƙura da auren. Iyakar labarin ke nan. Babu alhaji mai gidan sama a Abuja, babu budurwa mai gashi har gadon baya, babu matar uba mai baƙin hali. Kishiya ɗaya ce tak a ciki, ita ce kakar, don kun san yadda kaka take da jikokinta, namijin angonta ne, macen kishiyarta. Duk ranar da yarinyar ta kai mata tuwo sai ta buɗe kwanon ta shinshina, ta ce a kira mata angonta ya fara ɗanɗanawa, ita ba ta yarda da girkin kishiya ba.

Wurin da ya fi kashe ni shi ne zancen farko. Kaka ta matsa masa sai ya je zance gidan kawunsa, gidan da tun yana rarrafe yake shiga har madafa ba mai ce masa ina za ka. Sai ga shi ya tsaya a ƙofar gida ya aiki yaro, wai ana sallama da wance. Ta ce a ce ba ta nan, alhali daga zaure yana jin muryarta tana koya wa yaron abin da zai faɗa. Da uwarta ta koro ta, ta fito ta tarar ya baza takardun jarrabawar ɗalibansa a kan tabarmar da aka shimfiɗa musu, yana ta maki da jan biro. Ita ma ta koma ta ɗauko farantin gyaɗa ta hau ɓara. Haka suka zauna har aka kira magariba. Maganar da ta shiga tsakaninsu guda ɗaya ce, ya tambaye ta bakwai sau takwas nawa ne, ta ce ya je ya tambayi matar da zai aura. Da zai tafi ya miƙa mata kuɗin zance, ya tsaya jiran canji.

Ni ɗinki nake yi, in an ɗauke wuta sai in jingina wayar a jikin keke in yi ta karatu. Dariyar da na yi a wurin nan sai da yarinyar da ke koyon aiki a wurina ta leƙo ta ga ko lafiya.

Abin da ya burge ni kuma ba dariyar kaɗai ba ce. Har aka gama kashi na biyu babu wanda ya furta wa wani kalmar so, amma kana gani tana shigarsu. Ya ɗauki littafin da take rubuta cinikinta don ya yi mata ba'a, sai ya gano ashe faɗuwa take yi ba ta sani ba, don ba ta lissafa kuɗin gawayi da leda. Ya gyara mata lissafin da jan biro, ya ba ta biyu bisa goma. Ita kuma ta fara ajiye masa ƙanzo tana cewa na almajirai ne ya rage. Kowa ya shiga nemo wa ɗan uwansa wanda zai aura don ya huta, kuma duk wanda aka kawo, shi mai kawowar ne zai fara gano aibinsa. Ya kawo mata abokin aikinsa, malamin Turanci, washegari shi da kansa ya je ya gaya wa kaka wai mutumin yana tauna da ƙara.

To sai kashi na uku, wanda na biya da kuɗina. Shafi na farko haɗarin mota a hanyar Kaduna. Ya farfaɗo a asibiti bai san kowa ba. Wata tsohuwar budurwarsa da ba a taɓa ambata ba ta faɗo daga sama da layar boka a jaka. Kaka ta rasu. Yarinyar nan mai baki, wadda ba a faɗa mata ɗaya ba ta mayar da uku ba, ta koma sai kuka da tagumi. Aka rufe da doguwar nasiha kan biyayya ga iyaye. Wallahi ji na yi kamar an zuba min daddawa a kunun gyaɗa.

Na yi wa yayata ƙorafi, ta ce ai sai a nan littafin ya zama littafi, wai na baya duk shirme ne tunda babu darasi. Shi ne na kawo muku. Ni kaɗai ce na ji haushin nan? Kuma me yake sa marubutanmu in sun fara da raha sai sun kai mu asibiti ko maƙabarta kafin su sake mu?

Anti Hajjo, Kano

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, na gane littafin tun daga kaka da kwanon tuwo. Ni dai ina bayan yayarki, amma rabi. Mutum biyu da ba su taɓa shiga wani hali tare ba, da me za mu gane son nasu na gaske ne? Tsokana kowa ya iya. Kuma rasuwar kakar ta taɓa ni sosai, na yi hawaye, don tsohuwar ita ce ginshiƙin littafin, kuma tsofaffi suna mutuwa, ba ƙarya aka yi ba.

Inda nake tare da ke shi ne mantuwar nan da boka. Aikin jinya nake yi, kuma irin mantuwar da ake rubuta mana, mutum ya tashi garau yana cin abinci yana hira amma ya manta sunan mutum ɗaya, sai ya sake buguwa a kai komai ya dawo, wannan a fim ake samunta.

Abin da ya fi ba ni mamaki, jarrabawa tana zaune a gaban marubuciyar ba ta gan ta ba. Ɗan gwaggo da 'yar kawu za su yi aure, a ce har littafi ya ƙare ba a yi maganar gwajin jini ba? Mu da muke ganin yaran sikila kullum mun san abin da ake ciki. A nan Kano ma tun 2024 doka ce, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa mata hannu, ba a ɗaura aure sai an kawo takardar gwajin nau'in jini da na ciwon hanta da na cuta mai karya garkuwar jiki. Da ta sa su sun fara son juna sannan aka tura su gwaji, ai da zuciyar kowa ta tsinke ba tare da an kifar da mota ba.

Sannan a yi hattara da mayar da auren haɗi abin dariya. A littafi ya zo da daɗi saboda a ƙarshe sun so juna. Akwai gidajen da ba haka ta kasance ba, zumuncin ma ya watse.

Baba Mai Haya, Fagge

'Yata Maman Ilham, da farko dai ina mamakin Bazazzagiya da ta cire kuɗi ta sayi littafi ba aro ta yi ba. Allah ya ƙara arziki.

Na daɗe ina ba da hayar littattafai a shago kafin waya ta kashe mana kasuwa, saboda haka bari in gaya miki abin da idona ya gani. A shekarun 1990 in yarinya ta shigo, ko ta aiko ƙaninta da kuɗi a ƙulle, ba ta cewa a ba ta mai ban dariya. Cewa take, Baba akwai mai ban tausayi? Wanda ya fi fita a wurina a lokacin shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, kuma ba don komai ake rububinsa ba sai don Sumayya ta faɗa rijiya da aka hana ta Muhammad. Sai da na ɗinke bangonsa da zare don yawan hannu. Marubuci ɗan kasuwa ne shi ma, abin da ake nema shi zai kawo.

Amma akwai dalili na biyu, kuma shi ne babba. Tun da aka fara littattafan nan a Kano ake zagin masu yin su. Malamai a kan mumbari, iyaye a gida, har wasu malaman jami'a da suka laƙaba musu suna Adabin Kasuwar Kano, kuma ba yabo suke nufi ba. Ana cewa suna lalata tarbiyya, suna koya wa 'yan mata ƙin zaɓin iyaye. To da me marubuci zai kare kansa? Da darasi. Shi ya sa za ki buɗe littafi ki ga tun a gabatarwa an rubuta cewa an yi shi ne don faɗakarwa. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i a Kano, a 2007 kuma zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka tara littattafan soyayya aka cinna musu wuta a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Wanda ya ga wannan, ko ya ji labari daga na gaba da shi, in ya rubuta shafi ɗari na raha zalla sai gabansa ya faɗi, ya ce in aka tambaye ni amfaninsa me zan ce? Sai ya kashe kaka ya kawo nasiha. Yarinyar da ta rubuta naki wataƙila ba a haife ta ba lokacin da ake wannan rigima, amma tsoron gadonsa ta yi.

Ba wai Bahaushe bai iya ban dariya a rubuce ba. Ki koma Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933, a garinku ma aka shirya ta. Abin da jaruman littafin, Alhaji Imam da Malam Zurƙe, suke yi wa juna har gobe yana sa ni dariya. Sai dai ba soyayya ce ta riƙe shi ba. Na soyayyar zamanin, Jiki Magayi, da aka raba Abubakar da Zainab saboda mai kuɗi, ɗaukar fansa ya koma. Kin ga tun daga tushe raha ta kama hanyarta, soyayya ta kama tata. Ko a fim haka aka yi. Marigayi Ibro da 'yan camama suna gefe guda, masu soyayya da rawa da waƙa suna ɗaya gefen, in an sa ɗan barkwanci a fim ɗin soyayya to maigadi ne ko direba, ba shi ne angon ba.

Maman Ilham, Tudun Wadan Zariya

Baba ina wuni. Na gode, amma ina jiran ka aiko min da lissafi, don ban taɓa jin Bakano ya ba da abu kyauta ba, ko shawara ce haya yake ba da ita.

Maganarka ta tsoro ta zauna min. Sai dai Baba, ni ina ganin darasin yana nan tun a kashi na farko, ba a dai yi masa shela ba ne. Yarinya ta koyi lissafin jarinta. Saurayi mai ƙwauron hannu ya fara sayo wa kaka goro ba a roƙe shi ba. Wannan ba tarbiyya ba ce?

Anti Hajjo, ban ƙi a taɓa zuciya ba. Da kaka ta kwanta ciwo ne su biyun suna jinyarta, suna faɗa kan wanda ya fi iya dama mata koko, da na karɓa hannu bibbiyu. Abin da ban yafe ba shi ne canza min yarinyar. Wadda na biya kuɗi don in ci gaba da jin bakinta, ita aka rufe wa baki.

Alƙalamin Tsakar Dare

Ba ni na rubuta shi ba, kada a fara, amma ni ma ina rubutu a waya kuma ina sayarwa, don haka bari in ɗan kare 'yar uwata.

Anti Maman Ilham, ku masu karatu kuna ganin littafi ne bayan ya kammala. Mu kuwa kullum muke sakin shafi a zaure, mu kwana mu tashi da sharhin mutane. Ranar da aka yi raha za ki ga 'yan fuskokin dariya guda biyar, shi ke nan. Ranar da aka mari jaruma ko aka yi mata sharri, wayarki har zafi take yi. Wannan ta ce Allah ya isa, waccan ta ce in ba a hukunta wance ba ta bar karantawa, wata ta kira ki cikin dare tana roƙo kada a kashe wane. Wannan hayaniyar ita ke jawo sababbin masu biya. To marubuciyar da ta ga zaurenta ya yi tsit ana dab da fara kashin kuɗi, me kike so ta yi?

Ga kuma tsawo. Wadda ta biya tana ƙirga shafuka, in littafi ya yi gajere ta ce an cuce ta. Labarin taubasan nan a gaskiya kashi biyu ne da 'yan kai, daga an gane suna son juna ya ƙare. Amma kashi biyu ba ya mayar da kuɗin data, balle in aka sace shi aka watsa a wasu zaurukan, ko ki tsinci wani yana karanta shi a YouTube bai ko yi miki sallama ba. Dole a ja shi, kuma haɗari da asibiti su suka fi sauƙin ja.

Sannan a bar ganin raha kamar abu mai arha. Shafin kuka a zama ɗaya nake gama shi. Shafin da zai sa mace ta yi dariya ita kaɗai a ɗaki kuwa sai in rubuta in goge in sake, don kalma ɗaya in ta zo a inda bai dace ba ya mutu. Kuma ba a girmama mai yin sa. Ko gasar Hikayata ta BBC Hausa, labarin da ya fara cinye ta a 2016 na 'yan gudun hijira ne, kuma ya cancanta, amma duk mai son a kira ta marubuciya ta gaske ta san ba da labarin kuɗin zance da canji za a kira ta ba.

Ɗan Gobir, Maraɗi

Salamu alaikum. Ku yi haƙuri namiji ya shigo, mu ma muna karatu, ɓoyewa dai mukai. Uwargida ta turo min wanga littafi, na ce ba ni so, sai ga ni ina tambayarta ko an saki na gaba.

Abu guda nika son in ƙara. Dabarar marubuciyar duk tana wurin da ta zaɓi taubasai. Ku duba zance na saurayi da budurwa baƙin juna. Ita kai a sunkuye tana wasa da gefen mayafi, shi yana karanto kalaman da ya haddace. Kunya ta cika wurin, ina dariya za ta fito? Amma taubashi al'ada ta ba shi lasisi. Zai ce mata mummuna gaban uwarta, ta ce masa marowaci gaban ubansa, manya na dariya, ba wanda zai ce an yi rashin kunya, kuma ba a yarda wani ya yi fushi ba. Nan kaɗai namiji da mace marasa aure ke iya sakin baki a gidan Bahaushe ba a zarge su ba. Mu nan Nijar wasan ga har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali a 2014, kuma ya wuce dangi, ya kai tsakanin ƙabila da ƙabila. Ga shi ma kuna yi da Baba a sama.

Shi ya sa kashi na uku ya faɗi. Da jarumin ya manta ko shi wane ne, ya manta ita taubashiyarsa ce, lasisin ya ƙare. Suka koma baƙi, ta koma sunkuyar da kai. Ba kukan ya ɓata shi ba, Anti Hajjo, cire wasan da anka yi ne.

Anti Hajjo, Kano

Malam, wannan kam ka faɗi gaskiya, ban kalle shi ta nan ba. Amma rasuwar kaka ina nan a kan bakana.

Maman Ilham, Tudun Wadan Zariya

Anti, tun jiya maganarki ta gwaji take min yawo a kai ina kan keke. Ku duba fa, malamin lissafi ne. A ce an tura su asibiti, suna zaune a kan benci suna jiran sakamako, ya ciro jan biro ya zana mata a bayan katin cewa in shi AS ne ita ma AS, kowane ciki akwai ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wato mai sikila. Yana bayani hannunsa yana rawa, ita tana ce masa ai ta gaya masa tun farko jininsu bai haɗu ba, amma ta kasa kallonsa. Ga fargaba ta gaske, kuma ba wanda ya bar halinsa. Daga nan a shiga rigimar lefe, inda gwaggonta ita ce uwar miji, kawunsa shi ne surukinsa, ba a san wa zai kai wa wa ƙara ba, ango kuma ya zo da kalkuleta wurin sayen atamfa. Kaka tana gefe tana cewa ita ma sai an yi mata kayan faɗar kishiya. Wannan kaɗai ai ya cika kashi guda.

Alƙalamin Tsakar Dare, in na ba ki wannan za ki rubuta? Ni ce farkon mai biya.

Alƙalamin Tsakar Dare

Taubasan wata ba zan taɓa mata su ba, Anti, sai dai in ƙirƙiro nawa. Ki tara min mutum ashirin da za su yi alkawarin ba za su tura shi wani zaure ba, kuma ba mai kira na cikin dare ya ce in kawo boka, sai mu yi magana bayan babbar sallah.